Jirgi Ya Fito, Magini Ya Ɓace: Sharhi kan Hotunan Jiragen Ƙasa da Maginansu a Hanyar Makka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi sharhi a kan hotunan jiragen ƙasa masu cin dogon zango a yankin Hijaz, tun daga layin dogon da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara shimfiɗawa a shekarar 1900 har zuwa jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018. Manufarta ita ce gano matsayin da hoto ke ba magini, wato sojan da ya haƙa ƙasa, da birkilan da ya ɗora gada, da maƙerin da ya ƙera kan jirgi, da leburan da ya zuba kankare. An kwatanta hotunan hukuma da ayyukan Ahmed Mater, ɗan ƙasar Saudiyya, sannan aka dubi abin da ya shafi Hausawa mazauna Makka. Maƙalar ta gano cewa cikin fiye da shekara 100 kyamarar hukuma ta riƙe ɗabi'a guda: tana girmama jirgi da mai mulkin da ya ba da umarni, tana mayar da ma'aikaci ma'aunin girman aiki kawai. Fuskar magini ba ta fara fitowa sosai ba sai da wayar hannu ta shiga aljihunsa, kuma ko a nan sunansa bai biyo fuskarsa ba.

Fitilun Kalmomi: hoto, jirgin ƙasa, Hijaz, Makka, magina, Takari

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa ya daɗe yana bibiyar hanyar Makka ta fuskar tarihi da adabin tafiye-tafiye da waƙoƙin bege. Abin da bai samu kulawa daidai da haka ba shi ne hoto, alhali a yau da wuya a sami gidan alhaji ko hajiya da ba a ajiye hoton Ƙasa Mai Tsarki ba, a bango ko a cikin waya. Tun daga 2018 wani sabon nau'in hoto ya shiga wannan taska: farin jirgin ƙasa mai dogon hanci, da tagarsa da ake hango duwatsun Hijaz suna wucewa, da allon da ke nuna gudun kilomita 300 a sa'a. Masu zuwa Umara daga Kano da Maraɗi da Kumasi suna ɗauka, suna watsawa a Facebook da TikTok, ana yi musu fatan alheri.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Sai dai hoto zaɓe yake yi: mai kyamara ne ke yanke shawarar inda zai tsaya da abin da zai bari a wajen iyakar hotonsa. Saboda haka abin da hoto ya kora yakan kai muhimmancin abin da ya nuna. A nan, wanda aka fi kora shi ne mutumin da ya gina abin da ake kallo.

2.0 Ma'aunin Sharhi

An ɗora wannan sharhi a kan tambayoyi uku da ake yi wa kowane rukunin hotuna. Daga ina aka ɗauki hoton? Wa aka ambata da suna a ƙarƙashinsa? A hannun wa hoton ya ƙare? An faɗaɗa ma'anar kalmar "magini" har ta haɗa da duk wanda aikin hannunsa ya shiga cikin samar da layin dogo, daga mai fasa dutse zuwa injiniya, har da mai ɗaukar hoton kansa, domin shi ma gina wani abu yake yi wanda wani ke iya sa wa suna.

Matsalar ba ta Hijaz ba ce kaɗai. Sanannen hoton da Andrew J. Russell ya ɗauka ranar 10 ga Mayu, 1869 a Promontory ta jihar Utah, lokacin da aka haɗe layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, ya nuna kawunan jirage biyu suna fuskantar juna, injiniyoyi suna gaisawa. Sinawan da su ne mafi yawan leburorin ɓangaren yamma ba su fito a cikinsa ba. A 2014 wani mai hoto, Corky Lee, ya tara jikokinsu a wurin ya sake ɗaukar hoton domin cike gurbin. Wannan misali ya nuna cewa hoton bikin buɗe layin dogo nau'i ne mai ƙa'idojinsa, kuma ƙa'ida ta farko ita ce a share fagen daga ƙurar aiki.

3.0 Kyamara Ta Riga Jirgi Isa Makka

Kafin a yi maganar jirgi ya dace a dubi yadda hoto ya fara a Makka, domin tun daga nan aka soma ɓatar da suna. Muhammad Sadiƙ Bey, injiniyan sojan Masar, shi ne ya ɗauki hotunan Madina a 1861, ya kuma ɗauki na Makka a 1880. Bayansa sai Assayyid Abdulgaffar, likita ɗan Makka, wanda ya yi hulɗa da baturen Holan nan Christiaan Snouck Hurgronje lokacin da ya zauna a birnin a 1885. Bayan Snouck ya koma gida, Abdulgaffar ya ci gaba da aika masa da hotunan Harami da Mina da Arfa, waɗanda suka fito a kundin Bilder aus Mekka a 1889. An goge sa hannun likitan daga jikin hotunan, kundin ya fito da sunan Snouck, sai daga baya masu bincike suka mayar wa Abdulgaffar haƙƙinsa.

Akwai darasi na biyu a cikin kundayen Snouck. Mutanen da aka ɗauka, in ba manya ba, ana gabatar da su ne a matsayin samfuri: alhaji daga ƙasa kaza, bawa baƙar fata, ɗan kasuwa. Snouck da kansa ya rubuta cewa bayi 'yan Afirka ne ke yin aikin ƙarfi na gini da fasa dutse a Makka ta wancan zamani. Ke nan dogayen gidajen dutse da ke kewaye da Harami a hotunan Abdulgaffar suna da magina, amma kyamara ta ɗauki gidajen ta bar su. Da wannan gado hoton jirgin ƙasa ya taras.

4.0 Layin Hijaz: Hoto a Matsayin Rasit

Sultan Abdulhamid na Biyu ya ƙaddamar da aikin layin dogon Hijaz ranar 1 ga Satumba, 1900. Layin ya tashi daga Dimashƙa, ya bi ta Ma'an da Tabuka da Mada'in Salih, ya isa Madina a 1908, tsawon kimanin kilomita 1,300. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin kwana 40 ta koma ƙasa da mako guda. Niyyar ita ce a kai shi Makka, amma bai kai ba: ƙabilun da ke cin abinci da jigilar alhazai a kan raƙuma sun yi adawa da shi, Sharif Husaini na Makka bai so ikon Santambul ya matso kusa da shi ba, sannan aka tuɓe Abdulhamid a 1909.

Abin da ya bambanta wannan layi shi ne hanyar samun kuɗinsa. An gabatar da shi a matsayin aikin Musulmin duniya, aka nemi gudummawa daga Indiya da Masar da sauran ƙasashe, aka riƙa ba masu bayarwa lambobin yabo, ban da harajin da aka ɗora wa talakawan daular da abin da aka yanka daga albashin ma'aikata. Wanda ya karɓi sadakar jama'a dole ya nuna musu inda ta shiga. A nan hoto ya zama rasit. Abdulhamid kuwa mutum ne da ya san amfanin kyamara. Taskar hotunan fadarsa ta Yildiz, wadda ke Jami'ar Santambul a yau, ta haura hotuna 30,000.

Idan aka jera hotunan layin da suka yaɗu a kundaye da katin gaisuwa da jaridun lokacin, za a ga sun kasu kusan gida uku. Akwai hoton biki: kan jirgi da aka yi wa ado da tutoci, manyan jami'ai sanye da jar dara, malamai suna addu'a. Ana daidaita irin wannan biki da ranar zagayowar hawan Sultan gadon mulki, kamar yadda aka yi a Ma'an a 1904 da Madina a 1908, don haka hoton na yabon sarki ne tun kafin a danna kyamara. Akwai hoton gini: gadoji na dutse masu baka-baka, irin ta kusa da Amman, da tasoshi masu kama da ƙananan ganuwa a tsakiyar hamada. A nan mutum kan fito ƙanƙane a gindin ginshiƙi, aikinsa shi ne ya nuna tsawon gadar. Sai hoton aiki, inda ake ganin sahun sojoji da diga da shebur, daga nesa, fuskokinsu ba su rarrabu ba.

Waɗannan sojoji su ne ƙashin bayan aikin. Dubbai daga cikinsu aka tura, aka yi musu alkawarin rage wa'adin aikin soja, suka yi fama da ƙarancin ruwa da zafi da cututtuka irin su kwalara, kamar yadda William Ochsenwald ya bayyana a littafinsa The Hijaz Railroad na 1980. A ɓangaren arewa an ɗauki ƙwararrun magina daga Italiya da wasu ƙasashen Turai domin aikin dutse. Babban injiniya Bajamushe ne, Heinrich August Meissner, kuma da yake ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya matsa kusa da Madina, injiniyoyi Musulmi ne suka ƙarasa zangon ƙarshe daga Al-Ula. Tarihi ya riƙe sunan Meissner. Ya kuma riƙe sunayen kamfanonin Jamus da suka ƙera kawunan jiragen, irin su Krauss da Hartmann da Jung, domin kowane kan jirgi yana ɗauke da farantin ƙarfe mai sunan maƙerinsa da lamba da shekara. Masu sha'awar jiragen ƙasa har gobe suna ɗaukar hoton waɗannan faranta, suna bin diddigin kowace lamba. Sakamakon haka, ana iya sanin tarihin wani kan jirgi daga masana'anta zuwa inda ya mutu, amma ba a iya sanin sunan ko ɗaya daga cikin sojojin da ke tsaye a gefensa.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko hoton layin ya sauya salo. Hare-haren dakarun Sharif Husaini da jami'an Ingila, ciki har da T. E. Lawrence, sun lalata ɓangaren kudu, aka daina zirga-zirga zuwa Madina. Abin da ya rage wa kyamara shi ne kufai: kan jirgi kwance a gefensa cikin rairayi, tarago ya yi tsatsa. Irin wannan hoto yana da kyau a ido, sai dai yana mayar da hankali kan wanda ya rusa. Mafi yaɗuwar siffar jirgin Hijaz a duniya ma ba ta Hijaz ba ce: fagen harin jirgin da ke fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962 a lardin Almeriya na ƙasar Sifen aka ɗauke shi.

5.0 Jirgin Haramaini: Hamada Ba Kowa

Shekara 110 bayan jirgi ya isa Madina daga arewa, sai aka haɗa ta da Makka. Sarki Salman ya ƙaddamar da layin Haramaini a watan Satumba na 2018, aka fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba. Tsawonsa kimanin kilomita 450 ne, yana da tasoshi a Makka da Jidda da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi da Madina, kuma ana yin tafiyar cikin sa'a 2 da 'yan mintoci. Maginansa iri-iri ne. Gamayyar Al-Rajhi, wadda ta haɗa da kamfanin gina layin dogo na ƙasar Sin, ita ta karɓi aikin share hanya da gadoji a 2009. Gamayyar Al-Shoula, wadda kamfanonin Sifen suka fi yawa a cikinta, ta karɓi aikin shimfiɗa ƙarfe da lantarki da samar da jirage a 2011, a kan kuɗi sama da Yuro biliyan 6.7. Kamfanin Talgo ya ƙera jirage 35 na fasinja, kowanne mai kujeru 417. Ofishin Foster + Partners na Ingila ya zana manyan tasoshin, ya ba kowacce launinta: ruwan zinariya ga Makka, kore ga Madina.

Hotunan da kamfanoni da hukumomi ke fitarwa suna da siffofi da ke maimaituwa. An fi ɗaukar jirgin daga sama da jirgi marar matuƙi, yana ratsa hamada kamar farin zare a kan baƙin dutse, ba mutum ba dabba. Ko kuma a durƙusa a gaban hancinsa, wanda saboda siffarsa Sifaniyawa ke yi wa wannan samfuri laƙabi da agwagwa, domin ya cika hoton. Tasoshi kuwa ana ɗaukarsu kafin fasinja su shigo, haske na zubowa ta ƙananan ramukan rufi, daɓe na ƙyalli. Ta fuskar gwaninta babu abin kushewa a waɗannan hotuna. Kushen yana ga abin da suke koya wa mai kallo, wato cewa layin ya sauko ne a kammale, kuma ƙasar da ya bi dama fili ce. Rairayin da iska ke tarawa a kan ƙarfen dogo, wanda sai an riƙa kwashewa, ba ya fitowa, balle masu kwashe shi.

In an kwatanta da zamanin Abdulhamid za a ga an ma ja da baya ta wani gefen. Hoton Turkawa yana buƙatar sahun sojoji domin ya tabbatar wa masu gudummawa cewa ana aiki. Hoton yau masu zuba jari da masu yawon buɗe ido yake nufa, kuma su tsafta da sauri ake sayar musu, don haka an fitar da lebura gaba ɗaya. Lokutan da ma'aikaci ya shiga hoton hukuma su ne lokutan da ya zama labari mai daɗi. A 2009 jaridun Saudiyya sun ruwaito musuluntar ɗaruruwan ma'aikata Sinawa da ke aikin layin, aka nuna su a taro. A 2022 kamfanin Renfe ya nemi mata 30 da za su koyi tuƙin jirgin, mata kimanin 28,000 suka nema, kuma hotunan waɗanda aka yaye sun zagaya duniya. Babu shakka waɗannan abubuwa ne da suka cancanci hoto. Amma a duka biyun, abin da ya jawo kyamara shi ne shahada ko sauyin matsayin mata, aikin hannun kansa bai isa ya jawo ta ba.

Wani ɓangaren labarin ya fito ne ta wata hanya. Lokacin da wata babbar ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba, 2015, mutum 111 suka rasu, wayoyin alhazai ne suka fara nuna wa duniya abin da ya faru. A 2016, da manyan kamfanonin gine-gine suka shiga matsin kuɗi, albashi ya maƙale, aka sallami dubban ma'aikata, hoton motocin safa da fusatattun ma'aikata suka ƙona a Makka ta waya ya fita. Haka gobarar tashar Jidda ta watan Satumba na 2019. Taska biyu ke nan suke tafiya kafaɗa da kafaɗa: ta hukuma mai kyau da tsari da wurin ajiya, da ta waya mai rawa da dishi-dishi wadda ba ta da mai adana ta.

6.0 Ahmed Mater da Kyamarar Lebura

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin haɗa taskokin nan biyu shi ne Ahmed Mater, likita kuma mai zane da hoto, wanda aka haifa a 1979 ya tashi a Abha. Ya shafe shekaru yana ɗaukar sauye-sauyen Makka, ya tattara su a littafin Desert of Pharan, wato Hamadar Farana, wanda Lars Müller ya wallafa a 2016, aka kuma baje kolinsu a gidan tarihi na Brooklyn a Amurka daga ƙarshen 2017. Aikinsa ya shafi birnin ne baki ɗaya, amma ba za a fahimci hoton jirgin Haramaini ba sai an ajiye shi kusa da nasa, domin yunƙurin gini ɗaya ne ya haifi tasha da otal-otal da faɗaɗa masallaci.

A hotonsa mai suna Golden Hour ana ganin Harami daga wuri mai tudu, ƙugiyoyin gini sun yi masa ƙawanya, hasumiyar agogo mai tsawon mita 601 ta yi masa rumfa, a wurin da ganuwar Ajyad ta Turkawa take kafin a rushe ta a 2002. Mater ya karɓi matsayar hukuma, wato kallo daga sama, ya juya ta: inda hoton talla ke jiran a gama aiki a share, shi ya ɗauka ana tsakiyar ƙura. Ya kuma sauka ƙasa, ya shiga lungunan tsofaffin unguwanni da makwancin ma'aikata.

Mafi muhimmanci ga wannan sharhi shi ne bidiyonsa na 2013, Leaves Fall in All Seasons. Bai ɗauki ko ɗaya daga cikin hotunan da ke ciki da kansa ba. Ya tattaro su ne daga abin da ma'aikatan gine-ginen Makka suka ɗauka da wayoyinsu. Ana ganin gidaje na zubewa, ana jin hayaniyar wurin aiki, kuma a wani fage ana ganin wani ma'aikaci a maƙale jikin ƙaton jinjirin watan da ake ɗagawa zuwa ƙololuwar hasumiyar agogo. A karon farko tambayar "daga ina aka ɗauki hoton?" ta samu sabuwar amsa: daga kan ginin, a hannun mai ginin. Rawar da hoton ke yi da rashin tsabtarsa su ne shaidarsa, domin suna nuna cewa wanda ya riƙe wayar yana tsaye ne a inda ake iya faɗowa.

Duk da haka, sharhi na gaskiya ba zai tsaya ga yabo ba. Tambaya ta biyu da ta uku suna nan. Aikin yana yawo a gidajen baje koli na duniya da sunan Mater, waɗanda suka riƙe wayoyin kuwa mai kallo bai san su ba. Ana iya kare wannan da cewa ɓoye suna kariya ce ga ma'aikacin da zamansa a ƙasar ke rataye a wuyan kafili, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma sakamakon bai sauya ba: abin da ya sami Abdulgaffar a 1889 ya sake faruwa a wata siga, ko da niyyar ta bambanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma haɗarin da ke bin duk hoton ma'aikaci mai kyau, tun daga na Lewis Hine a kan ginin Empire State a farkon shekarun 1930: mutumin da ke lilo a sararin sama yakan zama abin sha'awa, har mai kallo ya manta ya tambayi nawa ake biyansa.

7.0 Ina Bahaushe a Cikin Hoton?

Wannan magana ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce tarihi. Bahaushe ya san layin dogo a matsayin magini kafin ya san shi a matsayin fasinja. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka gina tsakanin 1907 da 1911, da ƙarfin talakawan da hakimai da dagatai suka tara bisa umarnin Turawa aka yi shi, kamar yadda binciken Michael Mason ya nuna. A hanyar gabas kuma, alhazan ƙafa da suka bi ta Borno da Lami da Darfur sun riƙa tsayawa a Sudan suna aikin ƙodago domin tara guzuri, a madatsar ruwa ta Sennar da aka kammala a 1925 da gonakin audugar Jazira, kafin su hau jirgin ƙasa daga Al-Ubayyid zuwa gaɓar Bahar Maliya. J. S. Birks a 1978 da C. Bawa Yamba a 1995 sun rubuta tarihin waɗannan matafiya, waɗanda da yawansu suka zauna a garuruwa irin su Mai Wurno. A hotunan mulkin mallaka na waɗannan ayyuka, su ma taro ne marar suna.

Ta biyu ita ce Makka ta yau. Tashar Haramaini tana unguwar Rusaifa a yammacin birnin, kuma daga wajenta ne babban aikin nan na Masar, wato hanyar Sarki Abdul'aziz mai tsawon kimanin kilomita 3.6, ya miƙe zuwa kusa da Harami. Hanyar ta ratsa tsofaffin unguwannin yammacin Makka, yankin da ya haɗa da Hindawiyya da kewayen Shara Mansur, inda 'yan asalin Afirka ta Yamma da ake kira Takari suka daɗe da zama. Waɗannan mutane sun yi dako, sun yi gini, sun sayar da abinci, sun yi wa alhazai hidima shekara da shekaru. Fasinjan da ya sauka a tasha mai rufin ruwan zinariya ya ɗaga waya ya ɗauki faffaɗan titin da ke gabansa, yana iya kasancewa yana ɗaukar gurbin gidan wani ɗan'uwansa ne ba tare da ya sani ba. Hoton da ke nuna fili yana ɓoye cewa filin yi aka yi.

Hotunan waɗannan unguwanni kafin rusau suna nan, amma a warwatse: a akwatunan iyalai a Makka da Jidda, a cikin kayan waɗanda aka maido gida Kano ko Damagaram, da kuma a wayoyin da ke lalacewa kullum. Babu wata taska ta jami'a da za ta maye gurbinsu idan suka ɓace.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi hoton jirgin ƙasa a Hijaz ta zanguna uku. A zamanin Abdulhamid magini ya fito a matsayin taro, domin ana buƙatarsa ya zama shaidar aiki. A zamanin Haramaini an cire shi, domin ana sayar da kammalallen abu. A aikin Ahmed Mater ya dawo da fuskarsa da mahangarsa, amma bai dawo da sunansa ba. A duka zangunan, ƙarfe ya fi mutum samun rajista: kan jirgin Hartmann yana da lamba da shekara, jirgin Talgo yana da samfuri da adadin kujeru.

Abin da ya rage wa masu nazarin Hausa aiki ne da ake iya farawa da kayan da ke hannu. Sassan nazarin harsunan Nijeriya da na tarihi a jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya da Yamai, da cibiyoyi irin su Gidan Arewa a Kaduna, suna iya buɗe taskar hotunan hanyar Makka, su karɓi kwafin abin da iyalai da tsofaffin ma'aikata suka ajiye, da yardarsu. Sharaɗin da zai bambanta wannan taska da waɗanda suka gabace ta ƙarami ne: kada a karɓi hoto sai an rubuta wanda ya ɗauka, da wanda ke ciki, da unguwa, da shekara, da irin aikin da yake yi, a kuma bar wa mai hoton ikon cewa a sakaya sunansa har zuwa lokacin da ya ga dama. Waɗanda suka san waɗannan amsoshi suna raye a Fagge da Shara Mansur da Mai Wurno, kuma mafi yawansu sun manyanta.